Galveston, Garin da Ya Koya wa Masana Yanayi Tsoron Ruwa

A shekarar 1900 babu garin da ya kai Galveston tashe a gaɓar tekun jihar Texas. Tsibiri ne siriri na rairayi a bakin mashigin tekun Mekziko, mai mutum wajen 37,000. Ta tasharsa audugar jihohin kudu na Amurka ke fita zuwa masaƙun Turai, attajiransa kuwa sai gina manyan gidaje suke yi suna fuskantar teku. Abu ɗaya garin ya rasa, wato tudu. Wurin da ya fi ko'ina bisa a tsibirin bai kai mita 3 daga fuskar ruwa ba. Wasu mazauna sun daɗe suna roƙon a yi katanga a bakin teku, amma a 1891 shugaban ofishin hasashen yanayi na garin, Isaac Cline, ya rubuta a jarida cewa guguwa ba za ta iya yi wa Galveston mummunar ɓarna ba, kuma masu wannan fargabar ruɗu ne ke damunsu. Aka bar maganar katanga.

A wancan zamani, in ana neman gwanayen gane mahaukaciyar guguwa tun tana nesa, Kyuba ake zuwa. Wani limamin Katolika ɗan Sifaniya, Fada Benito Viñes, ya karɓi ragamar ɗakin nazarin sararin samaniya na kwalejin Belén da ke Havana a 1870. Bai da jirgin sama, bai da rediyo. Abin da yake da shi shi ne ma'aunin nauyin iska, da wayar tangarahu, da ido mai haƙuri. Ya lura cewa kwanaki kafin guguwa ta iso, wasu siraran gizagizai kan bazu can ƙololuwar sama, dukkansu suna fitowa daga wuri guda, kuma wanda ya bi su da ido zuwa tushensu ya san inda cibiyar guguwar take. Yana haɗa wannan da launin sama lokacin faɗuwar rana, da yadda igiyar teku ke isowa gaɓa a tsawaice, a hankali. Bayan guguwa ta wuce yakan bi sawunta ƙauye-ƙauye yana tambayar mutane ta ina iska ta fara busowa. A Satumbar 1875 ya buga gargaɗinsa na farko a jaridun Havana, guguwar kuma ta zo kamar yadda ya faɗa. Ya rasu a 1893, ya bar almajirai da suka iya aikin.

Sai siyasa ta shigo. Bayan yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898 sojojin Amurka ne ke riƙe da Kyuba, kuma hukumar yanayi ta Amurka, ƙarƙashin Willis Moore, tana ganin masanan Kyuba masu yawan tayar da hankalin jama'a ne. A ƙarshen Agustan 1900 aka hana aika gargaɗinsu ta wayar tangarahu zuwa waje. 'Yan kwanaki kaɗan bayan haka wata guguwa ta ratsa Kyuba. Washington ta ce za ta karkata ta bi ta Florida ta haura arewa maso gabas. Magajin Viñes, Fada Lorenzo Gangoite, ya duba sama ya ce a'a, Texas ta nufa. Shi ne mai gaskiya, amma babu wanda ya kai maganarsa inda take da amfani.

Ranar Asabar 8 ga Satumba, tun da asuba ruwan teku ya fara shiga unguwannin da ke kwari, alhali iska daga arewa take busowa, abin da ya kamata ya mayar da ruwan baya. Cline ya ga haka ya san akwai matsala. Da yamma gadojin da suka haɗa tsibirin da tudu sun nutse. Da dare ruwa ya haura mita 4 da rabi, ya rufe tsibirin baki ɗaya, yana tura tarin katakon gidajen da ya rusa yana rushe na gaba da su. Gidaje fiye da 3,600 suka tafi. A gidan marayu na St. Mary, mata masu hidimar coci su 10 sun ɗaure yara a jikinsu da igiyar shanya don kada ruwa ya raba su. Su duka suka mutu tare da yara 90, maza uku kaɗai suka tsira. Matar Cline, mai juna biyu, tana cikin waɗanda ruwa ya ci. Adadin mamata tsakanin 6,000 ne da 12,000, an fi ambaton 8,000, kuma har yau babu guguwar da ta kashe mutane haka a tarihin Amurka. Gawawwakin da aka kai teku aka zubar sun dawo gaɓa, dole aka koma ƙona su.

Daga 1902 zuwa 1904 aka gina katangar da aka ƙi ginawa, mai tsayin mita 5. Aka kuma ɗaga gine-gine sama da 2,000 da jak, aka cusa yashin teku a ƙarƙashinsu. Guguwar 1915 ta zo da ƙarfi, katangar ta tsaya. Sai dai kasuwa ta riga ta koma Houston.

Abin da masu hasashe suka rasa a 1900 shi ne ido a kan teku. Da jiragen ruwa suka sami rediyo, sai rahoto ya fara isowa daga tsakiyar ruwa, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya sake rufe wannan ƙofa, domin jirage sun daina magana saboda tsoron jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Shi ya sa guguwar Yulin 1943 ta zo wa Galveston kusan ba sallama. A ranar 27 ga watan ne wani malamin matuƙa jirgin soja, Joseph Duckworth, ya tashi daga sansanin Bryan a ƙaramin jirgin koyo mai inji ɗaya, ya kutsa cikin guguwar da gangan har ya shiga idonta, inda iska ke kwance. Ya dawo, ya ɗauki jami'in yanayi na sansanin, ya sake komawa. Daga nan aka samu rundunar matuƙan da har gobe suke shiga cikin guguwa suna sakin na'urorin awo.

A 1960 aka harba TIROS-1, tauraron ɗan'adam na nazarin yanayi na farko da ya yi nasarar ɗauko hoton gizagizai daga sama. Shekara guda bayan haka, da guguwar Carla ta tunkaro Texas, wani matashin ɗan jarida, Dan Rather, ya tare a ofishin yanayi na Galveston, ya sa aka ɗora taswirar gaɓar teku a kan hoton na'urar rada, aka nuna a talabijin. Mutane suka ga girman abin da idonsu. Dubun dubata suka kwashe iyalansu suka bar gaɓa, waɗanda suka mutu kuma ba su kai 50 ba.

Hotunan sama sun tabbatar da wani abu da zai ba manomin Kano ko Damagaram mamaki. Hadarin da ke tasowa daga gabas a watan Agusta yana tafe ne cikin wata lanƙwasar iska da ke farawa daga wajen tsaunukan Habasha da Sudan, ya ratsa Chadi, Nijar da arewacin Najeriya, ya faɗa Tekun Atilantika ta wajen Senegal. Duk bayan kwana uku zuwa biyar ake samun guda, kimanin 60 a shekara. Yawancinsu a teku suke mutuwa. 'Yan kaɗan kan tarar da ruwa mai ɗumi su fara juyawa, kuma daga cikinsu ne mafi yawan manyan guguwowin Atilantika ke fitowa. Don fahimtar wannan ne a 1974 ƙasashe da dama suka tara jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama, suka kafa hedikwata a Dakar.

Da kwamfuta ta shigo, hasashen hanyar guguwa ya gyaru ƙwarai. A shekarun 1970, kuskuren hasashen kwana uku yakan haura kilomita 600. Yanzu bai kai 200 ba. Amma sanin inda guguwa za ta sauka bai gaya wa mai gida ko ruwa zai kai masa gwiwa ko rufin ɗaki ba. Tumbatsar teku tana da nata lissafi. Iska ce ke tura ruwa gabanta, kamar yadda mai hura koko a kwano ke tara shi gefe guda. Inda bakin teku ba shi da zurfi, irin na Texas da Louisiana, ruwan ba ya samun inda zai nutse ya koma, sai ya hau tudu. Faɗin guguwar, da kusurwar da ta shigo, da ko ta dace da lokacin cikar teku, duk suna cikin lissafin, kuma ɓangaren dama na idonta ya fi shan wahala. Chester Jelesnianski na hukumar yanayi ta Amurka ya shafe shekaru yana gina manhajar da ke wannan lissafi, wadda ake kira SLOSH, kuma da ita ake zana taswirar unguwannin da za a kwashe.

Duk da haka, abin da jama'a suka riƙe shi ne ma'aunin Saffir da Simpson na farkon shekarun 1970, mai mataki 1 zuwa 5, wanda ƙarfin iska ne ginshiƙinsa. A nan aka yi babban kuskure, kuma Galveston ce ta sake biyan kuɗinsa. Guguwar Ike, wadda tushenta ya bar gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen Agustan 2008, ta sauka a tsibirin ranar 13 ga Satumba tana mataki na 2 kacal. Mutane da yawa suka ce sun ga waɗanda suka fi ta, suka zauna, duk da hukuma ta yi gargaɗi da kakkausar murya cewa wanda ya tsaya a ƙaramin gida a bakin teku mutuwa yake jira. Ike tana da faɗi sosai. Ruwa ya fara hawa tun kwana guda kafin isowarta, ya datse hanyoyin gudu. A zirin Bolivar da ke maƙwabtaka ya kai mita 5, ya share ƙauyen Gilchrist kusan ƙaf. A cikin Galveston katangar 1904 ta tare igiyar gaba, sai ruwan ya zagayo ta baya, ta ɓangaren da babu katanga.

Cibiyar kula da guguwa ta Amurka da ke Miami ta cire ƙiyasin tumbatsar teku daga ma'aunin a 2010, sannan daga 2017 ta fara fitar da gargaɗin ruwa daban da na iska. Gyaran ya makara, ganin cewa binciken cibiyar kanta ya nuna kusan rabin waɗanda guguwowin Atilantika suka kashe kai tsaye a Amurka tsakanin 1963 da 2012 tumbatsar teku ce ajalinsu. A Disambar 2022 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin kafa manyan ƙofofin ƙarfe a mashigar da ke tsakanin Galveston da Bolivar, aikin da aka ƙiyasta zai ci fiye da dala biliyan 30.