Ƙofar Hawa na Tara

Masu tarihi sukan fara labarin masana'antar Triangle da ke birnin New York daga ranar gobara. Ni kuwa na fi so in fara daga ranakun da babu abin da ya ƙone, domin a cikinsu ne masifar ta yi saiwa.

A farkon ƙarni na 20, yawancin masu ɗinka rigunan mata a wannan birni 'yan mata ne baƙin haure, Yahudawa daga gabashin Turai da 'yan Italiya. A wurare da dama gwargwadon abin da mace ta ɗinka ake biyanta, saboda haka ko ɗaga kai ta yi ta miƙe baya, ta san ta rage wa kanta abinci. A kan ci ta tara in ta makara, a kan cire mata kuɗin allura da zare, ga mai duba aiki tsaye a kanta. Abin da likitocin yau ke kira matsin aiki, su waɗannan mata da shi suke kwana suke tashi, ba tare da ya sami suna ba.

Ba shiru suka yi ba. A Nuwamban 1909 wata matashiya, Clara Lemlich, ta miƙe a taron ma'aikata ta nemi a tafi yajin aiki, kimanin mutum 20,000 suka amsa. Masana'antu da yawa sun sassauta, amma Max Blanck da Isaac Harris, masu Triangle, suka ƙi amincewa da ƙungiyar ƙwadago.

Ranar Asabar, 25 ga Maris 1911, dab da tashi daga aiki, wuta ta kama a hawa na takwas. Waɗanda ke hawa na tara suka ruga wata ƙofa suka tarar da ita a kulle. An saba kulle ta ne don kada wata ta fita da ƙyalle a jaka. Mutum 146 suka mutu, 123 daga cikinsu mata. Kotu ta wanke masu masana'antar. A ganina, kullen nan da biyan kuɗi bisa yawan ɗinki uwarsu ɗaya: duka biyun sun ɗauki ma'aikaciya abar zargi ce, wadda sai da tsoro za ta yi aiki.

Amurka ta gyara dokokinta. Frances Perkins, wadda ta ga gobarar da idonta, ta zama sakatariyar ƙwadago a 1933. Sai dai daga baya ɗinkin ya yi ƙaura zuwa ƙasashen Asiya masu arahar ƙwadago, tsoron kuma ya bi shi. A Bangladesh, ranar 23 ga Afrilu 2013, aka ga bangon ginin Rana Plaza ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Washegari aka umarci maɗinka su koma bakin kekunansu, aka yi wa wasu barazanar hana su albashin wata. Suka shiga, ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu.