Daga gafakar malamin dagaci zuwa wayar oga

Daren jiya ɗiyar ƙanwata ta kira ni, muryarta ba daɗi. Sakatariya ce a wani ofis a Funtua. Ta ce, "Kawu, oga fa ya daina ba ni wasiƙa in rubuta. Wayarsa yake faɗa wa abin da yake so, kafin in ajiye jaka ta fitar masa da shafi guda. In fara neman wata sana'a ne?" Na ce ta bari sai da safe. Da na kasa barci sai na ga gara in rubuta amsar a nan, don na san ba ita kaɗai wannan ƙirƙirarriyar basira ta hana wa sukuni ba.

Mu a gidanmu a Mabai, rubuta wa wani takarda gado ne, kuma wannan ba shi ne karo na farko da aka yi wa sana'ar ta'aziyya ba.

Kafin zuwan Turawa, wasiƙun da ke tsakanin Sakkwato da masarautu da Larabci ake yin su, kuma galibinsu ta hannun Waziri suke bi, tun zamanin Gidado ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Magatakarda ya rubuta, a buga hatimi, manzo ya saka a gafaka ya hau doki. Sau da yawa takardar gajera ce, sauran zancen yana bakin manzon. Wato tun a lokacin an raba aikin gida biyu: akwai rubutu, akwai amana.

Turawa suka ci ƙasar a 1903. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, a 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, a hankali boko ya zama rubutun hukuma. Kakana da ajami yake yi wa dagaci rubutu, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da hannunsa. Ya ƙi boko ƙememe, ya ce ba da shi ba. Aka ɗauke masa littafin haraji aka ba wani yaro da bai kai sa'an ɗansa ba. Ya ji zafin abin har ya bar duniya, Allah ya jiƙan sa. Amma ga abin da ake ba mu labari: duk ranar da za a aika da magana mai nauyi Ƙanƙara, wajen Sarkin Pauwa, shi dagaci ke kira. Yaron ya iya baƙaƙe, tsohon ya san wace magana ake sa wa a takarda, wace ake bari a baki, da yadda ake cewa a'a ba tare da an ɓata wa babba rai ba.

Mahaifina bai maimaita taurin kan ba. Ya yi boko, ya koyi tafireta, ya zama akawun En'e. Na taso ina jin ƙarar nan ta kaf-kaf-kaf, da ƙararrawar da ke bugawa in layi ya ƙare. Kuskuren harafi ɗaya, a sake shafi. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta tafi. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta kafin a ba mu Jihar Katsina a 1987. Malaman haraji suka wayi gari ba littafin da za su cika. Ku lura, su ba na'ura ce ta ture su ba, sa hannun mutum ɗaya ne.

Ni kuma kwamfuta ce ta same ni, na koye ta da furfura ta fara leƙowa, yara suna yi min dariya. Waɗanda na fi tausayawa su ne masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya da kasuwa. Wayar salula ta shigo a 2001, cikin 'yan shekaru teburansu suka watse. Wa zai biya a rubuta masa "bayan gaisuwa mai yawa" alhali zai ji muryar ɗansa daga Legas? Waɗannan kam ba su dawo ba, kada wani ya yi muku daɗin baki.

To yau ga ChatGPT da 'yan'uwanta, tun ƙarshen 2022. Gaskiyar da na gaya wa ɗiyata da safen nan ita ce: in duk aikinki buga abin da aka faɗa ne, wannan ya kama hanyar teburin bakin gidan waya. Ofishin da ke da masu buga takarda uku zai koma ɗaya. Na ce ta riga oganta iya abin, ta riƙa sa shi ya tsara mata bayanin taro da daftarin wasiƙa, ita kuma ta zauna a kan abin da ya fitar kamar alƙali.

Don akwai abin dubawa. Kwanaki na gwada wata manhajar, na ce ta rubuta min takardar gayyata zuwa ga wani hakimi. Hausa tsaf, sai dai ta kira shi Mai Martaba. Ku da kuka san fada kun san Mai Martaba na Sarki ne, hakimi Mai Girma ne. Da takardar nan ta fita da hatimin ofis, ba na'urar za a kira a tambaya ba.

Sai babbar maganar, wadda ta shafe mu mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa fiye da kowa. Sakatare ya san ranar da oga zai yi tafiya, da hanyar da zai bi, da wanda zai gani. A yankinmu wannan sani rai ne. Na ce mata kada ta kuskura ta zuba irin wannan, ko sunayen mutane da lambobinsu, a cikin abin da ba ta san inda yake ajiyewa ba. Kuma ku tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da namu ukun. Wata da watanni ba kira, ba WhatsApp. Takardar hannu ta dawo, a ba direban da aka yarda da shi, a ce masa sauran bayani ka faɗa da baki. Na ga aikin manzon Waziri da idona, a motar haya.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, to wasiƙar da ya aika jiya ma ban gani ba." Na ce ta je ta roƙe shi, cikin ladabi, duk abin da wayar ta rubuta ya bi ta teburinta kafin ya fita. Ɗazu ta turo min saƙo: ya yarda, kuma a ta farko ta tarar an sa taron ranar Juma'a ƙarfe biyu na rana.