Yawon yini guda a cikin birnin Kano: wuraren tarihi, abinci da ɗaukar hoto

A bakin Kanawa, "cikin gari" na nufin unguwannin da ganuwa ta kewaye, waɗanda a yau galibinsu suka faɗa cikin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye, Dala da Gwale. Dubban 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da ma'aikatan Sakatariyar Audu Baƙo suna ratsa ƙofofin birnin safe da yamma, amma da yawansu ba su taɓa hawa Dutsen Dala ko shiga Gidan Makama ba. Abokai huɗu ko biyar za su iya zaga manyan wuraren a yini ɗaya, muddin suka tsara tafiyar bisa zafin rana da lokutan salla. Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a yi ta ɗage ziyarar ba: ganuwa da gidajen ƙasa da rijiyoyin rini suna raguwa kowace shekara.

Lokacin da ya fi dacewa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu an fi jin daɗin tafiyar ƙafa, sai dai hazon hunturu yakan rufe nesa, ya rage kyan hoton da za a ɗauka daga kan dutse. A Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka tafiyar tsakar rana takan zama wahala. A damina sararin sama yakan yi garau bayan an ɗauke ruwa, amma lunguna sukan yi taɓo. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci sukan cushe tun kafin azahar. A Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kuwa ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe saboda tsaftar muhalli. Tun daga 2013 aka hana acaɓa a birnin, saboda haka adaidaita sahu ce abin hawan da ke haɗa wuraren, sauran kuma a taka da ƙafa.

Dutsen Dala

Daga nan ya kamata a fara, da sanyin safiya, domin daga nan garin kansa ya faro. Binciken masana kayan tarihi ya nuna cewa ana narkar da tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe, jagoran mutanen Dala mai kula da bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa daga shekarar 999.

Tsayin dutsen ya kai mita 534 daga doron teku, kuma akwai matakala sama da ɗari da ake bi a hau. Daga sama ana hango Goron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin babban masallaci da koriyar ƙubbarsa ta kudu maso gabas. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya hau dutsen a 1851, ya zana birnin kamar yadda ya gan shi, da gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa. Wanda ya kwatanta zanen da abin da ake gani yau zai tarar rufin kwano ya mamaye waɗancan filaye. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen yakan cika maƙil da yara da matasa.

Gurasar Jakara da Kasuwar Kurmi

Idan aka sauko aka nufi Jakara, nan ne mahaifar gurasar Kano. Ana danganta zuwanta da fataken Larabawan Arewacin Afirka, irin mutanen Gadamas da Tarabulus da suka zauna a unguwanni kamar Dandalin Turawa. Mata ne ke gasa ta a tanderu a cikin gidaje, har akwai unguwar da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Bandashe, wato gurasar da aka yayyafa wa ruwa aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir, ya isa karin kumallon da zai riƙe mutum har azahar.

Kasuwar Kurmi tana nan kusa. An kafa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma ta daɗe tana matattarar ayarin Sahara. Gishiri da kanwa da dabino suna shigowa daga arewa, goro daga Gwanja, tufafi da fatu kuma suna fita. An yi cinikin bayi a cikinta har zuwa farkon ƙarni na 20. Kasuwannin Kwari da Sabon Gari da Dawanau sun janye manyan hada-hada, amma har yanzu Kurmi ce wurin kayan gargajiya: sirdi da linzami da sauran kayan doki, takubba, huluna, fatu da jakunkuna, ƙorai, faifai, duwatsun ado, turare da littattafan addini. Layukanta matsattsu ne masu rikitarwa. Mai hankali yakan nemi ɗan kasuwar da zai yi masa jagora, a kuma daidaita ladansa tun kafin a fara.

Marinar Ƙofar Mata

Daga Kurmi sai a nufi gabas zuwa Ƙofar Mata, daura da Asibitin Murtala. Marinar da ke nan ana ƙirga kafuwarta daga 1498. Rijiyoyin sun haura ɗari, amma kaɗan ne daga cikinsu ake aiki da su yanzu, saura shara ta cike su ko an bar su a bushe, domin atamfa da shaddar da ake shigowa da su da rinin kanti sun karya kasuwar.

Marina suna haɗa ruwa da baba da toka da kanwa a rijiya, su bar haɗin ya yi makonni yana ruɓa kafin ya nuna. Ana tsoma zane a ɗaga, a sake tsomawa a ɗaga. Da farko yakan fito da launi mai kama da kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, kuma yawan tsomawa ne ke ƙara masa duhu. Zanen da ke jikin yadin kuwa mata ne ke ɗaure shi da zare a gida kafin a kawo. A gefe akwai mabuga, masu dukan tufa da guduma ta itace a kan gungume har ta yi sheƙi. Irin wannan baƙin yadi mai walƙiya ne Buzaye suka daɗe suna naɗa rawani da shi. An fi samun marina a bakin aiki kafin rana ta take. Al'ada ce baƙon da ya ɗauki hoto ya ba da ɗan alheri ko ya sayi yadi, tunda da wannan sana'ar mutanen ke ci da iyalinsu.

Babban masallaci da Gidan Rumfa

Azahar takan riski matafiya a babban masallacin Juma'a, wanda ke arewa da fada. Asalinsa na zamanin Rumfa ne, lokacin da Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya zauna a Kano ya rubuta wa sarkin nasihohi kan mulki. Ginin da ake gani yanzu an yi shi ne a farkon shekarun 1950, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bayan an rushe tsohon ginin ƙasa.

Gidan Rumfa, fadar sarakunan Kano, an gina shi a ƙarshen ƙarni na 15 a kan fili mai faɗin eka 33. Gida ne da ake zaune a ciki, ba a shiga sai da izinin masarauta. Abin da baƙo zai gani ba tare da wani shiri ba shi ne Ƙofar Kudu da filin da ke gabanta, inda ake yin jafi ranar Hawan Daushe. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan bisa dalilan tsaro, saboda haka mai son ganinsa sai ya saurari sanarwar hukuma.

Abincin rana a wannan yanki ba ya wuyar samu. Akwai masu waina da miyar taushe, da ɗanwake, da dambu, da shinkafa da wake da mai da yaji. Mai son alkama zai nemi alkubus ko funkaso ko dashishi. Fura da nono da kunun aya da zoɓo su ne masu kashe ƙishirwa. An fi samun kwanciyar hankali a wurin da ake dafawa a gaban mai saye, kuma jama'ar unguwa ke layi.

Gidan Makama

Kusa da Ƙofar Kudu, a tsallaken titi, Gidan Makama yake. An gina shi a ƙarni na 15, kuma Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya koma sabuwar fadarsa. Bayan 1903 Turawa sun yi amfani da shi a matsayin ofis, daga baya wani sashe ya zama makaranta. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, mai ɗakunan nuni 11. Ana biyan kuɗin shiga, kuma akwai ma'aikata masu yi wa baƙi bayani.

A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da taswirar ganuwa, da sulke da lifidi da sauran kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna da na farkon zamanin Turawa. Ginin kansa darasi ne a kan aikin magina: tubali da azara, bakan gizo mai ɗauke da rufi, zankwaye a saman soro, da kaurin bango da ke sa ɗaki sanyi ko da bazara. Wanda ya lura da waɗannan a nan zai riƙa gane su a tsofaffin gidajen Yakasai da Mandawari da Sharifai.

Ganuwa da ƙofofi

Bayan la'asar, lokacin da hasken rana ya yi laushi, sai a ƙarasa da ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta. An kammala ta a ƙarni na 14, sannan Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ma ya ƙara a ƙarni na 17. Rahoton Lugard na 1903 ya ce kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma ƙafa 40. A ranar 3 ga Fabrairun wannan shekara ce sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa birnin, Sarki Alu yana Sakkwato.

Ƙofofin da ake lissafawa a yau 15 ne: Nassarawa, Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai da Ƙofar Mata. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo a zamanin Turawa aka fasa su. A dā kowace ƙofa tana da sarkinta, mai rufe ta idan dare ya yi.

A 2007 aka shigar da ganuwar da wuraren da ke tattare da ita cikin jerin share fage na UNESCO. Amma ruwan sama da masu haƙar ƙasa da masu gina gidaje da shaguna sun cinye mafi yawanta. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa, kuma da dama daga cikin sauran ƙofofin ma sabon gini ne. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda ke karɓar ruwan damina, su ma ana ta cike su. Ragowar da ta fi sauƙin gani tana gefen titin Jami'ar Bayero, daga Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya.

Ladubban ɗaukar hoto

Cikin gari wurin zaman mutane ne, kuma kowane zaure yana da mai shi. Ana yin sallama, a gaisa, a faɗi abin da ya kawo mutum, sannan a nemi izini. Ba a ɗaukar mata ko yara sai da yardarsu ko ta iyayensu, ba a kuma leƙa cikin gida da kyamara. A bakin fada ana tambayar dogarai, a gidan tarihi ana tambayar ma'aikata. Ba a ɗaukar masu salla, haka nan shingen jami'an tsaro da gidajen gyaran hali na Kurmawa da Goron Dutse. Tashin ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto yana buƙatar izinin hukuma. Suturar mutunci takan sauƙaƙa wa baƙo komai. Saboda matsalar ƙwacen waya, an fi so a yi tafiya a ƙungiya, a mayar da waya aljihu a wurin cunkoso, a kuma bar kan dutse da gefen badala kafin magariba.

Hoton da aka rubuta wa rana da sunan wuri ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin da irinsa ne masu bincike ke gane inda ganuwa ta bi da yadda ƙofa take kafin a sake ta. Yana da kyau a ɗauki ƙofa daga ciki da waje, a haɗa da abin da ke kewaye da ita, a kuma ajiye kwafi a wani wuri ban da waya.

Tsaraba

Masu komawa gida sukan biya ta Agadasawa su sayi kilishi, ko su nemi alkaki da dubulan da nakiya a wurin matan da ke yin su a cikin gida. Daga Kurmi ana tafiya da hula ko jakar fata, daga Ƙofar Mata kuma da yadin baba. Idan lokaci ya rage, Gidan Ɗan Hausa yana Nassarawa a wajen ganuwa. Shi ne gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke kula da shi yanzu.