Kalimba da Agidigo: Tarihin Kiɗan Babban Yatsa da Matsayinsa a Ƙasar Hausa



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi tarihin wani ɗan abin kiɗa wanda matasanmu suke gani a wayoyinsu, wasu har suna saye, suna zaton kayan Turawa ne ko na Sin. Sunansa kalimba. Zan nuna cewa asalinsa na Afirka ne, in bayyana dalilin da ya sa bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba, sa'an nan in faɗi abin da ya kamata mai son koyonsa ya sani.

Siffarsa da asalinsa

Kalimba ɗan akwati ne ko allon katako da aka jera wa harsunan ƙarfe a bisansa, aka danne gindinsu, aka bar bakinsu a sake. Mai kiɗa yakan riƙe shi da hannu biyu, ya riƙa latsa bakin harsunan da manyan yatsunsa. Dogon harshe yana ba da babbar murya, gajere kuwa ƙarama. Wanda ya san bambaro ya riga ya san dabarar, domin shi ma harshe ne ake taɓawa ya yi rawa ya fid da amo.

Masani Gerhard Kubik, mutumin Ostiriya, yana ganin sau biyu aka ƙago wannan abin kiɗa a Afirka. Na farko mai harsunan gora ko tukurwa ne, a yankin Kamaru da gabashin Nijeriya, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Na biyu mai harsunan ƙarfe ne, a kwarin kogin Zambezi, kimanin shekara 1,300 da suka wuce. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal, João dos Santos, wanda ya isa Sofala ta ƙasar Mozambik a 1586, ya siffanta shi a littafinsa da aka buga a 1609. Ya ce ana kiransa ambira, yana da harsunan ƙarfe tara, kuma makaɗansa kan tara farcen babban yatsa don kaɗa shi. Mutanen Shona na Zimbabuwe suna kiran nasu mbira, mai harsuna 22 zuwa 28, sukan sa shi cikin babbar ƙwarya don ƙara ƙarfin amo. A 2020 hukumar UNESCO ta sa fasahar ƙera shi da kaɗa shi a Malawi da Zimbabuwe cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Yadda ya shiga kasuwar duniya

Kalimbar da ake sayarwa yau ta samo asali ne daga aikin Hugh Tracey, Baturen Ingila wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1977. Ya yi shekaru yana yawo a kudanci da gabashi da tsakiyar Afirka yana ɗaukar kiɗe-kiɗe a faifai, kuma a 1954 ya kafa ɗakin adana kiɗan Afirka, wanda aka mayar Jami'ar Rhodes a 1978. A shekarun 1950 ya fara ƙera kalimba don sayarwa, mai harsuna 15 da mai 17. Sai dai ya yi wani sauyi babba: ya daidaita muryoyinta bisa matakai bakwai na kiɗan Turawa, domin Bature ya iya kaɗa waƙoƙin da ya sani. Da haka abin ya karɓu a Turai da Amurka, har Maurice White na ƙungiyar Earth, Wind & Fire ya sa shi cikin waƙoƙinsa a shekarun 1970. Yau masana'antun Sin ne suke cika kasuwa da mai harsuna 17. Jikin na Afirka ne, harshen da yake magana da shi kuwa na aro ne.

Matsayinsa a ƙasar Hausa

A Nijeriya Ibo suna da ubo aka, Yarabawa suna da agidigbo, wato babban akwati mai 'yan harsuna kaɗan, wanda ake ji a kiɗan apala irin na Haruna Ishola. Hausawa sun san shi da sunan agidigo, kuma sunan kansa ya nuna inda aka aro shi. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Irin waɗannan garuruwa na bakin tasha, inda ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar kudu suka zauna tare da masu sayar da gyaɗa da auduga, su ne ƙofofin da abubuwan kudu suka riƙa shigowa ta cikinsu. Duk da haka agidigo bai wuce kiɗan nishaɗi na gefe ba.

Dalilin yana cikin tsarin kiɗan Hausa. A wurinmu kowane abin kiɗa yana da ubangida. Kotso da taushi na sarakuna ne, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta. Ƙasar Zamfara da maƙwabtanta sun yi fice a wannan fage. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu hidima. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, kiɗan ya gada daga mahaifinsa. Sa'idu Faru shi ma makaɗin fada ne. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya zama ɗan amshi, ya daɗe a bayan maigidansa kafin a ba shi jagoranci. Abin kiɗan da ba shi da sarki, ba shi da sana'a, ba shi da gidan gado, ba wanda zai ciyar da mai kaɗa shi. Bugu da ƙari, muryarsa ƙarama ce, ba ta cika ƙofar fada ko filin dambe.

Ga mai son koyo

Wanda zai saya ya latsa kowane harshe, musamman gajerun da ke gefe biyu, ya tabbata suna amo ba su mutu ba. Mai akwati ya fi ƙara, amma allon katako ya fi jure bushewar hunturu, wadda kan tsaga itace. Harshe mafi tsawo yana tsakiya, muryoyin kuma suna hawa ne hagu da dama bi da bi, don haka yatsun biyu karɓa-karɓa suke yi, kamar mata biyu a turmi ɗaya. A bar farce ya ɗan fito, a fara da gajeren amshi guda, a maimaita shi har hannu ya saba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne harsunan ba a manne suke ba. Da ɗan guduma ana tura harshe gaba ko baya, muryarsa ta sauka ko ta hau. Yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakai biyar suke tafiya. Ɗalibin da ya bar kalimbarsa yadda kamfani ya saita ta, ya bi lambobin littafin da ke cikin kwali, waƙoƙin wasu zai iya. Wanda ya saurari faifan Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo, ya daidaita harsunan da abin da kunnensa ya ji, shi ne ya mai da abin gida.

Kammalawa

Wannan magana ta wuce wasan yara. Rashin tsaron da ya addabi ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda a shekarun nan ya tashi ƙauyuka da dama, ya rage bukukuwa da gayya da wasannin kaka, waɗanda su ne makarantar makaɗa. In ɗan amshi ya rasa inda zai tsaya bayan maigidansa, karin waƙa kan tafi tare da mai shi. Tracey ya sauya wa kalimba murya, amma faya-fayen da ya tara su ne jikokin makaɗan suke komawa gare su yau. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi na'urarsa sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Aikin da ke gaban jami'o'inmu da hukumomin raya al'adu shi ne a ɗauki kiɗan dattawan da suka rage, a rubuta sunan kowanne da garinsa da wanda ya koya masa, a adana a inda ɗalibi zai iya zuwa ya saurara.