Birkila

Daga Turanci aka aro kalmar birkila, wato mai jera bulo, kuma tare da siminti ta shigo a zamanin Turawa, zamanin da aka kafa Tudun Wadar Zariya a wajen ganuwa. Wasu za su ce aron bai da amfani, tunda muna da magini tun kafin Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Amma sana'ar ta bambanta: magini na asali ya san tubali da azara da makuba, birkila kuwa bulo da filasta. Kayan aikin nasu ba sa jituwa, shi ya sa mai gidan ƙasa da bangonsa ya tsage, in ya shafe shi da siminti, danshi kan taru a ciki, shafen ya ɓamɓare da damina. Jar ƙasa cuɗaɗɗiya da ciyawa ta fi kama bangon.