Gajerun Littattafan Soyayya na Kirista Masu Jigon Aure

Wani reshe ne na adabin soyayya da ya fi bunƙasa a Amurka, inda ake gina labari a kan baiko da shirye-shiryen biki, a kuma saƙa shi da koyarwar addinin Kirista. Littafin yakan fi gajeren labari tsawo, amma bai kai cikakken ƙagaggen littafi ba. Mai karatu na iya gama shi a zama ɗaya ko biyu.

Ana danganta tushen wannan salo da marubuciya Grace Livingston Hill (1865–1947), sai kuma Janette Oke, wadda littafinta Love Comes Softly na 1979 ya buɗe wa irinsa kasuwa.

Fitaccen misali shi ne jerin A Year of Weddings na kamfanin Zondervan: littattafai 12, kowane wata da amaryarsa da marubuciyarsa. Denise Hunter ce ta buɗe shi da A December Bride a 2013. A ciki, saurayi da budurwa suna yin baikon ƙarya don rufa wa kansu asiri, sai wasa ya koma gaske. Dabarar tsohuwa ce, amma har gobe tana jan masu karatu, kuma tashar Hallmark ta mayar da labarin fim a 2016.

Ba a kawo batsa ko ashar a cikin irin waɗannan littattafai. Abin da ke hana ruwa gudu yawanci tsohon tabo ne a zuciya, ko gafarar da aka kasa yi, kuma labarin kan ƙare da sulhu da ɗaurin aure.