Sawun mutane a kwazazzaban Yuta

A kudancin jihar Yuta ta Amurka akwai ƙasar da kusan duk falalen dutse ce, ja da fari. Asalinta tudun rairayi ne da ya daskare tun shekaru miliyoyi, sai ruwa ya bi ya tsattsaga ta. Wata tsagar zurfinta ya fi dogon bene, amma sai mutum ya karkace kafaɗa kafin ya wuce. Abin da ke ɗaukar hankalina a tarihin wurin shi ne yadda kowace al'umma ta samo dabarar sauka, da tabon da dabarar ta bari a jikin dutsen.

Kakannin mutanen Pueblo, waɗanda suka bar yankin wajen shekarar 1300, gurabu suka sassaƙa a jikin bango, kowanne daidai tafin hannu ko yatsun ƙafa. Da su suke hawa zuwa rumbunan masara da suka gina a ƙarƙashin tsauni, da su suke gangarawa ɗibar ruwa. Har yau gurabun na nan, iska ta siɗe bakinsu, kuma mai hankali ba ya taka su babu igiya.

Labarin da ya fi girgiza ni na 'yan ɗarikar Mormon ne. A ƙarshen 1879 mutum kusan 250, maza da mata da yara, da kekunan doki 83, suka iso bakin wani gangare a saman kogin Kolorado, hanya ta ƙare musu. Abin da ke gabansu tsaga ce ƙunƙuntacciya, wadda ake kira Hole-in-the-Rock. Mako shida suka yi cikin hunturu suna faɗaɗa ta da diga da albarushi, ana zura maza da igiya su yi aiki a rataye. Inda bangon ya ƙi saruwa, wani mai haƙar ma'adinai ɗan Wales, Benjamin Perkins, ya sa aka huda ramuka a jere, aka cusa turakun itace, aka shimfiɗa rassa da duwatsu a kai, hanya ta tsaya manne da bango. Ranar 26 ga Janairun 1880 aka fara saukar da kekunan, an ɗaure ƙafafunsu kada su juya, maza na ja da igiya ta baya. Ko keke ɗaya bai salwanta ba. Tafiyar da suka yi wa lissafin mako shida ta cinye musu wata shida kafin su kafa garin Bluff. Ƙasan wannan hanya yanzu yana cikin tafkin Powell, wanda ya fara cika a 1963.

Masu shiga kwazazzabai don sha'awa sun zo daga baya, da igiyar nailan da ƙusoshin ƙarfe da ake dasawa a dutse. Kan ƙusar nan aka daɗe ana sa-in-sa. Masu goyon bayanta na cewa rai ya fi dutse, kuma ban raina maganarsu ba. Sai dai dutsen rairayi ba ya jure gugar igiya: a bakin gangaren da jama'a ke yawan bi za ka ga zane-zane masu zurfi da janyo igiya ya yanka, kuma ba sa gyaruwa. Wannan na ɓata min rai ƙwarai.

Shi ya sa nake tare da masu saukar da ba ta barin alama. Jakar tamfol suke cikawa da yashi, su kwantar a bakin gangaren, igiya ta rataya a jikinta. Masu nauyi ne ke fara sauka, wani na zaune a sama ya ɗaura igiyar a ƙugunsa don ko-ta-kwana, idonsa a kan jakar ko za ta motsa. Wanda ya fi kowa rashin nauyi shi ake bari ƙarshe, babu mai riƙe masa. Yana dira ƙasa sai a fizgi siririyar igiya ta biyu, yashin ya zube, a janyo jakar a nufi gangare na gaba.